Maganar da Barista Mas'udu Ya Yi a Bungudu

Wata goma sha huɗu Abdu ɗan Tambaya ya yi a gidan yari a kan shanu uku da ya saya da rana tsaka a kasuwar Tsafe. Makiyayi ne, rugarsu na bayan Rawayya, kuma tun da aka haife shi bai taɓa taka kotu ba sai bayan da wani Alhaji ya tare shi a mashaya ya ce shanun nan nasa ne, daga garkensa aka kore su. Shanun na Alhajin ne, wannan babu gardama. Abin da ake shari'a a kai shi ne ko Abdu ya san na sata ne lokacin da ya saya. An ba da belinsa tun zaman farko, amma da sharaɗin sai ma'aikacin gwamnati mai mataki na goma sha huɗu ya tsaya masa. Duk dangin Tambaya babu wanda ya taɓa zama a ofis. Saboda haka Abdu ya ci gaba da zama a ciki.

Lauyansa Barista Mas'udu ne, haifaffen Bungudu, mazaunin Tudun Wada a Gusau. Ya san aikinsa, wannan ba za a hana shi ba. Sau biyar ya je Tsafe kafin ya shawo kan Malam Jatau, dillalin da aka yi cinikin a gabansa, ya yarda ya zo kotu. Jatau manomi ne, dillancin na ranar kasuwa ne kawai. Ya zo sau ɗaya, ya rantse, ya ce Abdu ya saya a bainar jama'a, a farashin kasuwa, aka ba shi takardar kara, wato shaidar ciniki ta kasuwar dabbobi. Da aka tambaye shi wa ya kawo shanun, sai ya ce mutanen da ke fitowa daga daji a kan babura ne, waɗanda ba a tambayarsu inda suka samo dabba. Majistaren da ke sauraron shari'ar, Mai Shari'a Attahiru, ya rubuta komai da hannunsa, ya sa ranar Alhamis bayan mako uku don yanke hukunci. Duk wanda ya zauna a kotun ranar ya fita da zaton Abdu zai koma gida.

Saura kwana goma sha biyu a yanke hukuncin aka yi taron siyasa a Bungudu. Alhaji Anas Maitaki ne ke neman kujerar majalisar jiha, ya gayyaci lauyoyi 'yan garin, aka raba musu hula iri ɗaya, aka zaunar da su a layin gaba cikin rumfa. Ba yunwa ce ta kai Mas'udu wurin ba, kuma ba wanda ya tilasta shi. So yake a gan shi a kan dandamali, kuma ya ji ƙishin-ƙishin cewa Alhaji zai buƙaci mai ba shi shawara kan harkar shari'a.

Can da la'asar sanƙira ya ɗaga murya: "Ina Barista na Bungudu? Mai kwance ɗaurarre, mai sa ɗan sanda gumi! Taso, jama'a na son jin bakinka!"

Mas'udu ya tashi ya karɓi abin magana. Ya ce shi da sauran lauyoyin garin suna bayan Alhaji Anas. Aka yi tafi. Ya ce idan Alhaji ya ci, za a share dajin nan tas, tun daga Bungudu har bayan Tsafe, kuma shi da kansa zai tsaya a kotu ya ga an hukunta duk wanda aka kamo. Aka yi tafi da guɗa. Da nan ya tsaya ma da ya yi ɓarna, amma tafin ya shiga kansa.

"Kuma jama'a, ga ɗanmu Mai Shari'a Attahiru," in ji shi. "Sunansa na cikin waɗanda ake dubawa don a naɗa alƙalan babbar kotu. Mu lauyoyin Bungudu muna bayansa, ni ne na farko. Tare muka yi makaranta, kwano ɗaya muka ci tuwo. Alhaji, in Allah ya ba ka, kada ka manta da shi!"

Wayoyi sun fi ɗari a sama suna ɗauka. Mas'udu ya gan su, ya ƙara gyara hularsa.

Lauya ba kamar mai shago ba ne da zai yabi wanda ya ga dama ya koma ya ci gaba da ciniki. Ranar da ya karɓi takardun mutum, bakinsa ya daina zama nasa shi kaɗai. Mas'udu ya san wannan, ya karanta shi, ya ci jarrabawa a kansa. Amma tsawon lokacin da ya yi a kan dandamalin nan, ko sau ɗaya Abdu bai faɗo masa a rai ba.

Ranar Litinin da safe ya haɗu da Barista Nusaiba a barandar kotu. Ita ce ke tsaya wa Alhajin da aka sace wa shanu. Tana ganinsa ta yi murmushi.

"Barista, ashe kwano ɗaya kuke ci da mai shari'a? Ba ka taɓa gaya min ba, ai da ni ma na zo da cokalina."

"Maganar taro ce, Barista. Kin san yadda ake yi."

"Na sani. Alhajina ma ya sani, sau uku ya turo min bidiyon kafin in idar da sallar asuba. Ya ce wata goma sha huɗu ashe wasa ake yi da shi." Ta zaro takarda daga jaka ta miƙa masa. "Kwafinka ne. Na kai asalin tun ƙarfe takwas. Muna neman mai shari'a ya cire hannunsa."

Mas'udu ya karanta layin farko. Ya ce, "Nusaiba, saura kwana goma hukunci. Kin san yaron nan bai san komai ba."

"Abin da na sani daban, abin da wanda nake wa aiki ya gani da idonsa daban. In ban rubuta ba, zai ɗauki wani ya rubuta, kuma ya haɗa da sunana a ciki. Kai ka ba shi sandar, Barista, ba ni ba."

Ranar Laraba Mai Shari'a Attahiru ya kira su su biyu ofishinsa. Bai ce su zauna ba. Mutum ne marar yawan magana, kuma shekara goma sha tara da ya yi yana alƙalanci ba a taɓa kawo ƙorafi a kansa ba sai wannan karon. Ya juya wayarsa a kan tebur, muryar Mas'udu ta cika ɗakin, har da guɗar matan. Ya bari ta kai ƙarshe.

"Na aike ka?" ya tambaya.

"A'a, ranka ya daɗe."

"Na taɓa ce maka ina son wani ɗan siyasa ya tuna da ni?"

"A'a, ranka ya daɗe. Alheri na yi nufi."

"Alherinka ya sa an kira ni daga sama jiya ana tambayata me ke tsakanina da Alhaji Anas, mutumin da ban taɓa gaisawa da shi ba. Wannan nawa ne, zan ji da shi." Ya dafa aljihun teburinsa. "Hukuncin shari'ar nan yana ciki. Tun ranar Juma'a na gama rubuta shi, kwana ɗaya kafin ka hau dandamali. Ba zan gaya maka abin da ke ciki ba, kuma ba zan karanta shi ba."

"Ranka ya daɗe, don Allah..."

"In na sallame shi, duk Gusau za a ce kwanon tuwo ne ya sallame shi, kuma za a ɗaukaka ƙara da bidiyonka a hannu. In na ɗaure shi, za a ce na ɗaure ne don in wanke kaina. Ko ta ina hukuncin ya zama abin banza. Yau zan mayar da fayil ɗin a ba wani."

"Wata goma sha huɗu yake ciki."

"Na fi ka sani, ni nake sa hannu a takardar tsare shi duk wata. Da ka tuna da haka ranar Asabar. Ku tafi."

Ka'idar kotu ita ce sabon alƙali ba ya hukunci da shaidar da wani ya saurara. Sai ya ga shaidu da idonsa, ya ji su da kunnensa. Wato komai zai koma farko, kamar ba a taɓa zama ba, kuma duk abin da Abdu ke da shi a duniya da zai fitar da shi bakin Malam Jatau ne. Mas'udu ya kira lambar Jatau sau tara a kwana huɗu. Tana shiga, ba a ɗauka. A na goman aka kashe wayar.

Ya kamata a lokacin ya nufi Rawayya ya gaya wa Tambaya abin da ya faru. Bai je ba. Ya gaya wa kansa gara ya fara samo alkawarin Jatau, don ya je wa tsohon da labari biyu, mai ɗaci da mai daɗi. Gaskiyar ita ce tsoron idon tsohon yake yi.

Ranar Litinin ta gaba ya bar motarsa a gida, ya sa tsohuwar jamfa, ya je tasha ya shiga motar haya mai zuwa Tsafe. Tsakiyar damina ce, dawa ta yi tsawo ta rufe gefen hanya hagu da dama, mutum ba ya ganin abin da ke taku biyar daga kwalta. Su shida ne a motar. Ba su yi nisa da Gusau ba wani mai jakar takin zamani a cinya ya juyo ya ƙura masa ido.

"Malam, kamar na san huskarka."

"Ban zaci haka ba."

"Wallahi na sani. Ba kai ne lauyan nan da yac ce za a share daji har bayan Tsahe ba? Ga ta nan cikin wayata, bari in nuna maka."

Wata mata a baya ta ce, "Innalillahi. Da shi munka shigo mota?"

Direba ya dubi madubi, ya ce, "Don girman Allah ku bar maganar ga cikin motata. Kai kuma Malam, in an tare mu, ban san ka ba, kuma ba kai ka ba kowa amsa ba. Ka ji?"

Mas'udu ya ce ya ji.

Sun wuce Kwatarkwashi da ɗan nisa direba ya rage gudu, ya gangara gefe ya tsaya a bayan wasu motoci uku. Ba wanda ya tambayi dalili, kowa ya sani. A wannan hanya in aka ɗauki lokaci ba a ga mota ta taho daga gaba ba, to ba a shiga. Direbobin suka fito suka tsaya suna kallon kwaltar da ta miƙe fayau ba komai a kanta. Iska ta kaɗa karan dawa, matar nan ta fara karanta addu'a a bayyane. Can cikin gonaki aka ji ƙarar babur, ta matso, ta tsaya. Mas'udu ya zaro katin shaidarsa na lauya daga aljihu, ya tura shi ƙarƙashin kujera da yatsun ƙafa. Ya tuna yadda ya ɗaga hannu a Bungudu lokacin da yake cewa tas. Mai takin ya matsa daga jikinsa har ya manne da ƙofa.

Sun kusa rabin awa a haka, sannan wata babbar mota ta ɓullo daga gaba, direbanta ya ɗaga musu hannu alamar hanya lafiya. Aka shiga mota, aka ci gaba. Har suka isa Tsafe ba wanda ya sake kallon Mas'udu.

Gidan Jatau na ƙarshen gari, inda gidaje suka fara haɗuwa da gonaki. Mas'udu ya isa bayan azahar ya yi sallama. Jatau ya leƙo daga zaure, ya gan shi, bai amsa ba. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya kamo hannun rigarsa ya jawo shi ciki, ya tura ƙyaure.

"Wa ya gan ka?"

"Ba kowa, Malam Jatau. A motar haya na zo."

"Daga tasha zuwa nan da ƙahwa kat taho?"

"Da ƙafa."

"To rabin Tsahe sun gan ka." Jatau ya zauna a kan buhu, ya cire hula ya share kai. Ya rame sosai tun ranar da ya zo kotu. "Ban ɗauki wayarka ba don kada ka zo, sai ga ka da kanka. Mi kake so?"

Mas'udu ya yi masa bayani, ya ce an canza alƙali, ana bukatar ya sake zuwa ya maimaita abin da ya faɗa. Bai ce don me aka canza ba.

"Na san don mi anka canza," in ji Jatau. "Ranar kasuwa wani ya dahe ni a kara, ya kunna mani maganarka ta Bungudu a kunne. Ban san shi ba. Yac ce, dillali, wanga ba lauyanka ba ne? Nac ce ni ba ni da lauya. Ya yi dariya ya tahi."

"Maganar siyasa ce kawai..."

"Tsaya in ba ka labari, Barista. Kwana huɗu da dawowata daga kotunku, ina gonata ta bakin rahi, mutum biyu sunka zo bisa babur. Sunka yi mani sannu da aiki. Sunka ce geron ya yi kyau. Ɗayan yat tambaye ni lahiyar ɗiyana, ya kira su da sunansu ɗaya bayan ɗaya, har ta goye. Sunka hau babur sunka tahi. Ba su zage ni ba, ba su nuna mani komi ba. Tun ranar ban koma gonar ba, ciyawa ta cinye ta. Wannan fa lokacin kai lauyan wani Bahillace ne da ba wanda ya damu da shi. Yanzu kai ne mutumin da yac ce zai tsaya da kansa a kotu ya ga bayansu. In na sake tsayawa kusa da kai, mi za su ce ni ne?"

"Zan nema maka tsaro ranar zaman."

"Ranar zaman. Kashegari hwa? Kai Tudun Wada za ka kwana, ni nan."

Mas'udu ya ce, "Abdu bai yi laifi ba, kai ka fi kowa sani. In ba ka zo ba, ba shi da kowa."

"Na sani, shi ya sa naz zo na hwarko, ba don kai ba. Na hwaɗi gaskiya gaban Alkur'ani, alƙali ya rubuta da hannunshi, na gani. Ina takardar? A karanta ta mana."

"Doka ba ta yarda a karanta tsohuwar shaida ba matuƙar mai ita yana nan. Sai in ya rasu, ko an neme shi an rasa."

Jatau ya dube shi, sai ya yi wata 'yar dariya marar daɗin ji. "To ka ɗan ƙara haƙuri, Barista. Ɗaya cikin biyun na nan tahe."

Sai Mas'udu ya faɗi abin da bai kamata ba. Ya ce kotu na iya aiko da sammaci.

"A aiko. In zo in tsaya in ce na tsuhwa, na manta. Ka ga na yi rantsuwar ƙarya, yaron ya tabbata a ciki, kai kuma ka samu abin da kake so." Ya miƙe. "Ba ruwan da zan ba ka, kada a ce ka daɗe. Bi ta bayan gida, akwai hanya ta cikin masara, za ta hidda ka bakin masallaci. In ka gan ni a kasuwa ko a Gusau, kada ka gaishe ni."

A ƙofar baya matar Jatau na tsaye da turmi a gabanta, ba ta daka komai. Mas'udu ya gaishe ta, ta juya masa baya. Ya bi ta cikin masarar a sunkuye, ganye na yankar fuskarsa, duk motsin da ya ji sai ya tsaya. Sai da ya fito bakin masallacin ya gane cewa zuwansa ma wata ɓarnar ce ya ƙara wa mutumin.

Ranar Alhamis Tambaya ya riga shi zuwa kotu. Yana zaune a gindin darbejiyar da ke harabar, da sandarsa, da wata leda a gefensa. Dattijo ne dogo, gemunsa fari, bai iya karatun boko ba kuma ba ya riƙe waya. Yana hango Mas'udu ya miƙe da fara'a.

"Barista, barka da asuba. Tun ƙarhe bakwai nike nan. Uwarshi ta ce sai na taho da sabbin kaya, wai kada ya shiga ruga da na gidan yari." Ya ɗaga ledar. "Har da takalmi. In ƙahwar ba ta ƙanƙance ba."

"Baba, zauna mu yi magana."

Tsohon ya dubi fuskarsa, fara'ar ta tafi. Bai zauna ba.

"Yau ba za a yanke hukunci ba," in ji Mas'udu. "An canza alƙali. Za a soma shari'ar daga farko."

"Alƙalin ya rasu?"

"A'a."

"Ba shi da lahiya?"

"Lafiyarsa lau."

"Jatau ya canza magana?"

"Bai canza ba. Amma ya ce ba zai sake zuwa ba."

"To mi ya hwaru?"

Nan Mas'udu ya faɗa masa, tun daga hular da aka raba har zuwa ofishin mai shari'a. Bai rage komai ba, don babu sauran inda zai ɓoye. Tambaya ya saurara har ƙarshe, yana jingine da sandarsa.

"Wanga Alhaji Anas, ya san Abdu?"

"Bai san shi ba."

"Alƙalin ya roƙe ka ka yi mai magana?"

"Bai roƙe ni ba."

"Ikon Allah," in ji tsohon. "Ni dai ban san siyasa ba, Barista. Na kawo maka ɗana nac ce ka yi magana a kanshi. Ban san kana da wata maganar da ta hi wannan ba."

Motar gidan yari ta shigo harabar, aka sauko da mutane bakwai, Abdu na cikinsu. An kawo shi ne saboda ranar na rubuce a takardarsa. Ya hango ubansa da leda, ya yi murmushi har haƙoransa suka fito. Ba a ko shigar da shi gaban alƙali ba. Rajistara ya fito ya ce fayil ɗin na jiran a ba wata kotu, za a sanar da rana, a mayar da shi.

Gandiroba ya ba su minti biyu a jikin motar. Abdu ya dubi ubansa, ya dubi lauya.

"Baba, mi yac ce? Ba yau ba?"

"Ba yau ba," in ji Tambaya.

"Sai yaushe, Barista?"

"Ban sani ba, Abdu. Sai an ba wani alƙali, sannan a sa rana, sannan mu nemi shaida."

Abdu ya matso kusa, ya rage murya yadda gandiroban ba zai ji ba.

"Barista, a ɗakin da nike akwai mutanen daji huɗu. Tun da naz zo ba su taɓa kula ni ba. Shekaranjiya ɗan'uwan ɗayansu ya zo ziyara, da ya tahi sai babbansu ya kira ni, yat tambaye ni sunan lauyana. Na hwaɗa mai. Yac ce in sake hwaɗi, na sake. Tun lokacin sun maido tabarmarsu kusa da tawa. Nac ce wa raina ba komi, Alhamis zan hita." Ya dubi Mas'udu. "Mi kay yi masu, Barista?"

Mas'udu ya buɗe baki. Gandiroba ya ce lokaci ya yi, ya kama hannun Abdu ya tura shi ciki, ya ja ƙofa ya sa sakata. Ta 'yar tagar ƙarfen ana ganin yatsunsa kawai.

"Yanzu zan rubuta a canza masa ɗaki," in ji Mas'udu da sauri. "Yau ɗin nan, Baba, kafin azahar."

"Rubuta," in ji Tambaya. "In ka gama, ka ba ni takardun ɗana."

"Baba, ni na san shari'ar nan ciki da waje. Wani sai ya fara karatu daga farko."

"Ai kac ce komi daga hwarko za a soma. Ba ni."

Mas'udu ya rubuta takardar a tsaye, a kan bayan wata mota. Sannan ya ciro fayil ɗin daga jakarsa ya miƙa. Tsohon ya karɓa da hannu biyu, ya juya shi, ya buɗe ledar ya sa shi a kan sabbin kayan, ya ɗaure bakinta sosai saboda hadari ya haɗo daga gabas. Ya je wurin masinjan kotu da ke zaune a bakin ƙofa, ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambaye shi inda ake samun lauyoyi a garin nan. Masinjan ya nuna masa titi. Tambaya ya ɗauki sandarsa ya fita, ruwa ya fara sauka.